Ina Za Ki Kwana a Tsibiran Kunkuru?

 Tun ran da na ba ku labarin tafiyata tsibiran Galapagos takardu su ke ta zuwa, kuma galibinsu tambaya ɗaya ce. Wata malamar makaranta da ta kusa barin aiki ta rubuto ta ce shekara uku ke nan tana zubin adashi don ta je ta ga manyan kunkurun nan da idonta, ita da 'yarta, amma abin da ya ɗaure mata kai shi ne inda za su sauka. Ta ce in ta yi kuskure ba ta da kuɗin komawa ta gyara. Gaskiyarki, Malama. Wannan mako da ke na ke, sauran kuwa ku matso kusa, kome zai yi amfani wata rana. Sunayen wuraren na bar su yadda masu ƙasar ke rubuta su, don ki gane su in kin gan su a tikiti.

Tsibiran nan na ƙasar Ikwado ne, can Amurka ta Kudu, amma suna tsakiyar Tekun Fasifik, wajen mil 600 yamma da gaɓa. Aman wuta ne ya haife su duka. Dutse ya narke a ƙarƙashin teku, ya yi ta tumbatsa har ya ɓullo sama ya daskare. Shi ya sa in kin sauka za ki ga ƙasa baƙa ƙirin kamar gawayin maƙera, ga kaifi, ga itatuwan ƙaya. Wani babban limamin Kirista na Panama, Tomás de Berlanga, shi ne ya fara ba da labarinsu a 1535, sa'ad da igiyar ruwa ta janye jirginsa ta kai shi can ba da nufinsa ba, ƙishirwa ta kashe musu mutane da dawaki. Riƙe maganar ƙishirwan nan, za mu komo kanta.

A 1959 gwamnatin Ikwado ta keɓe kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran ta mai da shi gandun dabbobi. Ɗan abin da ya rage shi ne na mutane, waɗanda ƙidayar 2022 ta nuna sun ɗan haura 28,000, kuma garuruwansu a tsibiri huɗu kawai su ke: Santa Cruz, San Cristóbal, Isabela da Floreana. Saboda haka ba inda ki ka ga dama za ki shimfiɗa tabarma ba. In ban da 'yan wurare kaɗan da a ke kafa tanti da izini, hanya biyu ce: ko ki kwana cikin jirgin ruwa, ko ki kwana a gari. Wannan shi ne abin da za ki fara yankewa, tun kafin ki taɓa kuɗin tikiti.

Masu kwana a jirgi, jirgin ne otel ɗinsu. Da dare ya yi ta tafiya suna barci, da asuba su farka gaban wani tsibiri dabam, a sauke su da ƙaramin kwalekwale, su zaga, su komo su ci abinci. Doka ba ta yarda jirgi ya ɗauki baƙi fiye da 100 ba, da yawa ma 16 su ke ɗauka, gama ja-gaba ɗaya ba ya jan mutum fiye da 16. Amfanin jirgi shi ne akwai wuraren da in ba da shi ba ba ki ganinsu, don sun yi nisa da gari ƙwarai. Tsibirin Genovesa yana cikinsu, da Fernandina, da yammacin Isabela, inda wani tsuntsu mai nutso ya ke wanda fukafukansa suka ƙanƙance har ba ya iya tashi, ba kuwa a samunsa ko'ina a duniya sai nan. Amma ki sani hukumar gandu ce ke tsara wa kowane jirgi hanyarsa, tun 2012 kuwa ba a barin jirgi ya maimaita wuri ɗaya cikin mako biyu. Watau jirgin da ya bi yamma wannan mako, mako mai zuwa wani gefe zai bi. Kada ki biya don kin ga hoton jirgi mai kyau. Ce musu su rubuto miki sunan kowane tsibiri da za a taka a kwanakinki.

Ga kuma wani wayo na masu jirage. In sun ce tafiyar kwana 5 ce, da ranar zuwa da ranar komawa su ke lissafi, cikakkun ranakunki 3 ne. Kuɗin kuwa dala ɗaruruwa ne kowace rana, kowane mutum. Ɗaki a ƙananan jirage bai fi rumbu ba, gado bisa gado, inji na gurnani ƙarƙashinki har safe. Mace in ita kaɗai ce, ko ta biya ƙari ta kama ɗakin duka, ko a haɗa ta da wata baƙuwa, wannan ma sai ta sa an rubuta mata cewa mace za a haɗa ta da ita. Ke da za ki tafi da 'yarki kin huta da wannan. Abinci kuma abin da kuku ya dafa shi za ki ci, don haka tun da wuri a ke gaya musu abin da ba a ci.

Ni dai, Malama, da kuɗin adashi, ban ba ki shawarar jirgi ba. Sauka a gari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuɗinki kuma ya faɗa hannun mutanen wurin, gama ƙananan masaukai da yawa iyali ne ke riƙe da su, uwar gida ita ce mai karɓar baƙi, ita ce mai dafa karin kumallo. Daga gari sai ki riƙa sayen yawon yini guda, a tafi da ke da safe a komo da ke da maraice. Abin da za ki rasa na riga na faɗa miki. Abin da za ki samu, ƙasa mai ƙarfi ƙarƙashin gadonki.

Santa Cruz ita ce cibiya. Garinta Puerto Ayora shi ya fi kowane girma, nan bankuna su ke, da asibiti, da kantuna, da masaukai iri iri tun daga na talaka har na masu hannu da shuni. Kwalekwalen fasinja duk daga nan su ke tashi, nan su ke komowa. Da ƙafa za ki taka zuwa tashar binciken da aka sa wa sunan Charles Darwin, Baturen Ingila da ya yi mako biyar a tsibiran a 1835, wadda aka buɗe a 1964. A gefenta a ke kiwon 'ya'yan kunkuru har su yi ƙwari a mai da su daji. Da ƙafa kuma za ki kai Tortuga Bay, tafiyar mil ɗaya da rabi, inda damon teku ke kwance birjik bisa farin rairayi. Wannan damo shi kaɗai ne cikin dangin ƙadangare ke nutsewa teku ya ci gansakuka, ya fito yana atishawar gishiri. Da hantsi ki leƙa inda masunta ke fawar kifi a bakin ruwa, ki ga kwasakwasa da zakin teku sun yi layi suna jiran tsoka kamar almajirai a ƙofar gida. Aibin garin hayaniya. In kina son barci kada ki kama ɗaki a babban titin bakin ruwa, ki ja baya layi uku ko huɗu, ya fi shiru ya kuma fi araha.

Akwai masaukai a tudun tsibirin, cikin gonaki wajen ƙauyukan Bellavista da Santa Rosa. Can kunkuru ke yawo abinsu, wani ya fi buhu biyu na hatsi nauyi, har mota kan tsaya ta jira ya ƙetare hanya. Wurin da daɗi, da sanyi, amma daga Yuni zuwa Nuwamba wani yayyafi mai kama da hazo da su ke kira garúa ba ya ɗaukewa, wanki ba ya bushewa, kuma duk inda za ki sai kin yi hayar farar a-kori-kura, wadda ita ce tasinsu. Kwana ɗaya ya isa, ko ma ki je da rana ki komo.

San Cristóbal nan ne hedkwatar lardin, garin kuwa Puerto Baquerizo Moreno. Ya fi Puerto Ayora natsuwa, filin jirgin sama kuma yana bakin gari, mai ƙaramin kaya da ƙafa ma ya isa. Zakunan teku su ne masu garin. Dabba ce mai santsin jiki, kai kamar na kare, hannuwa kamar filafili. Za ki same su kwance bisa bencin jama'a, bisa matakala, cikin kwalekwalen masunta, ba mai ce musu kanzil. Doka ta ce ki bar ƙafa 6 tsakaninki da kowace dabba, kada ki taɓa, kada ki ba ta abinci, amma su ba su san da dokar ba, ke ce za ki kauce. Kuma suna da wari, suna da kuka da dare kamar garken tumaki masu mura. Wadda ta kama ɗaki daf da ruwa don sha'awa ta ji a jikinta. Daga wannan gari a ke zuwa Punta Pitt a ga tsuntsun nan mai jar ƙafa kamar ya sha lalle, ɗan'uwan mai shuɗiyar ƙafa da ki ke gani a hoto kamar ya faɗa karofi. Daga nan kuma a ke yawon yini zuwa Española, inda babban tsuntsun teku albatros ke sheƙa daga Afrilu zuwa Disamba.

Isabela ita ce ta sace mini zuciya, ita ce kuma ta ja mini hasara, za ki ji. Ta fi sauran tsibiran duka girma in an haɗa su, duwatsu shida masu aman wuta ne suka manne suka zama ita, mafi tsawonsu Wolf, ƙafa 5,600. Amma garinta Puerto Villamil ɗan ƙauye ne, titunansa da dama rairayi ne, ga dogon bakin teku a ƙofar masauki. A fadamun bayan gari akwai tsuntsaye masu dogon wuya masu launin hoda, filamingo, a 'yan duwatsun Tintoreras kuma akwai fengwin, tsuntsun ƙasashen ƙanƙara da ruwan sanyin tekun nan ya ba shi wurin zama a tsakiyar duniya. Da keke a ke zuwa wata katanga ta baƙin dutse da a ke kira Katangar Hawaye, wadda fursunoni suka gina sa'ad da wurin ke gidan yari, daga 1946 zuwa 1959. In kina da ƙafa ki hau Sierra Negra ki leƙa bakinsa, rami ne mai faɗin wajen mil 6, tafiyar kuwa zuwa da komowa ta kai mil 10. Kada ki dogara ga na'urar cirar kuɗi a Isabela, ki shigo da kuɗinki a lalita. Dalar Amurka su ke ci, ita ce kuɗin Ikwado tun 2000, ki nemi ƙananan takardu don canji na wuya.

Na san za ki ce, to, wutar fa? Duwatsun da ke da rai suna yamma. Sierra Negra ya yi aman wuta a 2005 da 2018, Wolf a 2015 da 2022, na Fernandina kuma a 2024, amma Fernandina ba kowa a cikinta, Wolf kuwa yana can ƙarshen arewa nesa da mutane. Na Santa Cruz da San Cristóbal sun daɗe da yin shiru. In dutse ya fara motsi hukuma kan rufe hanyar hawansa. Ni abin da na fi ji miki tsoro teku ne.

Floreana ba zan daɗe kanta ba. Mutanenta ba su kai 200 ba, babu banki, kwalekwale kuma ba kullum ba. Mai neman kaɗaici da mai lokaci ta dace da su. Ke bar ta.

Yanzu ga maganar ruwa. Tafkin ruwan daɗi mai ɗorewa ɗaya ne a tsibiran duka, El Junco, a tudun San Cristóbal. A Puerto Ayora ruwan famfo daga tsagar dutse a ke jawo shi, gauraye da na teku, yana da zartsi, ba a sha, ko goge baki da shi ban yarda ba. Kafin ki kama ɗaki tambayi ko suna ajiye babban tulun ruwan sha don baƙi, ki riƙa cika gorarki, in ba haka ba kuɗin ruwa kaɗai ya isa ya rame da jakarki. Ki yi kitso ƙanana tun daga gida, don ruwan nan ba ya ƙaunar gashi. Ki tambayi ruwan zafi in cikin watannin sanyi za ki. Sa'an nan ki nemi masauki mai madafa. Kusan kome da jirgin ruwa a ke kawo shi daga Guayaquil, don haka tsada ta yi yawa, amma kifi ɗanye da ayaba da shinkafa suna samuwa, ki dafa abinki yadda ki ka saba. In kin gaji da girki, abincin rana da su ke kira almuerzo, miya da shinkafa da kifi da ruwan 'ya'yan itace, shi ne mai araha. Ki riƙe kalma ɗaya ta bakinsu, chancho, watau alade, don ki san abin da za ki tambaya.

Sai dai kada ki ce za ki ɗauko cefanenki daga gida. Tun a filin jirgin Quito ko Guayaquil a ke binciken kaya, ba a shiga da iri, ko tsiro, ko ɗanyun 'ya'yan itace, ko kayan dabba da yawa. Goro iri ne, ki bar shi. Kilishi da daddawa ma ki haƙura, abin da ki ke shakka kuwa ki nuna musu da kanki. Kada ki ga kamar tsanani ne. A 1959 masunta suka saki awaki uku a tsibirin Pinta, kafin 1970 an ƙiyasta sun kai 40,000, suka cinye ciyawar kunkuru ƙarƙaf. Mu da mu ke kiwo mun san aikin akuya. Kunkuru ɗaya tak aka samu a can a 1971, aka kawo shi Puerto Ayora, ya zauna can har ya mutu a 2012, irinsa suka ƙare. Gawarsa tana nan an adana, za ki gan ta.

Kuɗin da ba makawa ki ware su dabam. Akwai katin shiga na dala 20 da a ke yanka kafin a hau jirgi, ba a kuwa ba da shi sai kin nuna tikitin komowa da shaidar masaukin da ki ka kama, don haka ba a tafiya a ce sai an isa a nema. Ki tabbata masaukin mai rajista ne wurin hukuma. Kuɗin gandu dala 100 ne sa'ad da na je a 2023, amma ran 1 ga Agusta, 2024 aka mai da shi 200 ga babban baƙo. Ke da 'yarki 400 ke nan tun ba ku ga ko ƙadangare ba. Mai fasfo na Nijeriya kuma sai da bizar Ikwado, ki fara da ita kafin ki biya kowa kome.

Jiragen tsibiran da safe su ke tashi, saboda haka lalle ki kwana ɗaya a babbar ƙasa. Quito tana bisa dutse, ƙafa 9,350, baƙo kan yi haki da ciwon kai, in kina da hawan jini ki shawarci likita. Filin jirginta yana bayan gari, tafiyar kusan awa guda, ya ɗan fi garin ƙasa, akwai kuma masaukai kusa da shi. Guayaquil a bakin teku ta ke, daga nan tafiyar ba ta fi awa 2 ba, amma sha'anin tsaro ya taɓarɓare a can har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Janairu 2024. In nan ki ka sauka, ki kama otel kusa da fili mai motar ɗaukar baƙi, ki zauna ciki.

In kwana 10 gare ki, ga yadda zan raba miki. Ki sauka ta San Cristóbal ki yi 3, ki ƙetara Santa Cruz ki yi 2, ki wuce Isabela ki yi 3, ki komo Santa Cruz ki yi 2, ki tashi ta Baltra. Kamfanonin jirgi suna sayar da tikitin shiga ta wannan fili a fita ta wancan, ya rage miki ƙetare ɗaya. Kowane ƙetare awa 2 ne ko fiye cikin kwalekwale mai inji, ba ya kuwa tafiya sai da tsalle. Daga Disamba zuwa Mayu akwai zafi da ruwan sama, amma teku kwance ya ke. Daga Yuni zuwa Nuwamba sanyi ne, teku ya yi fushi, Agusta da Satumba sun fi muni. Ki sha maganin jiri tun kafin ki shiga, ki zauna baya, kada ki cika ciki.

Kwana biyun nan na ƙarshe a Santa Cruz kada ki taɓa su, ko wa ya ba ki shawara. Ni na taɓa nawa. Daɗin Isabela ya ɗebe ni, na ce wa 'yar ƙanwata da mu ke tare mu ƙara kwana, ai kwalekwalen ƙarfe 6 na safe zai kai mu da wuri, jirginmu kuwa sai wajen azahar. Uwar gidan da muka sauka wurinta ta girgiza kai, ta nuna mini teku, ban ji ba. Cikin Agusta ne. Muna tsakiyar ruwa inji ɗaya ya mutu, muka riƙa jan ciki da sauran, kowa da ledarsa a baki. Tafiyar awa 2 ta zama kusan 4. Ga shi kuwa filin jirgin ba a Santa Cruz ya ke ba, yana Baltra, wani ɗan busasshen tsibiri da sojan Amurka suka yi sansani a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga Puerto Ayora sai kin yi mil 26 a mota kin ratsa tudu, ki shiga jirgin fito ki ƙetare mashigin Itabaca, sa'an nan ki jira bas. Muna cikin bas ɗin nan muka ga jirginmu ya ɗaga. Sabon tikiti na mutum biyu, da kwanan otel, da canjin babban jirgin da zai kawo mu gida, sun ci abin da ya fi kuɗin masaukinmu na kwana goma. 'Yan kunnen gwal da na saya shekarar da na yi aure su suka biya.

Wadda ta tambayi irin takalmin da a ke taka dutsen nan da shi, da abin da mai lulluɓi za ta sa in za ta shiga ruwa, ta dakace ni mako mai zuwa in Allah ya kai mu.